Tsakanin Makunni Da Tsirkiya: Abin Da Ke Faruwa Cikin Waya Sa'ad Da Aka Kawo Wuta

Babu wata unguwa a biranen ƙasar nan wadda ba ta san sowar nan da yara kan ɓarke da ita ba, sa'ad da fitilu suka haska bayan an wuni babu wuta. Ko da yake hukumar NEPA da aka kafa a 1972 ta riga ta zama tarihi, tun da aka sake mata suna a 2005, aka kuma sayar da rassanta na samarwa da rarraba wuta ga 'yan kasuwa a 2013, har yanzu sunanta ne yara ke ambata. To, amma yayin da yara ke murna a waje, sau da yawa maigida yana ciki ya yi tagumi, domin a daidai wannan lokaci ne ƙwan fitila kan yi wal ya mutu, firiji ya yi gurnani ya yi shiru, ko kuwa a ji ƙaurin waya daga bayan akwatin talabijin. Ma'aikacin da ya yi wata shida yana zuba adashi kafin ya sayi abin, sai ya wayi gari yana neman mai gyara.

Da yawa daga cikin irin wannan ɓarna a cikin ɗan taƙi take aukuwa, wanda wani lokaci bai kai ƙiftawar ido ba, watau tsakanin sa'ad da wuta ta shigo waya da sa'ad da ta zauna daidai. Masana ilmin lantarki suna da babi guda a kan wannan ɗan taƙi, wanda za a iya kira halin wucin gadi. Abin sha'awa kuwa shi ne, lissafin da ke bayyana shi, shi ne kuma ke bayyana abin da tsirkiyar garaya take yi idan makaɗi ya taɓa ta, da dalilin da ya sa wasu sautuka biyu sukan yi daɗi a kunne idan aka haɗa su, wasu kuwa su yi karo. Ɗalibin da ya gane ɗaya, ya sami mabuɗin ɗayan.

Randa Da Amalanke

Kewayen lantarki shi ne hanyar da wuta ke bi daga inda ta fito, ta ratsa abin da take yi wa aiki, sa'an nan ta koma mafarinta. Ƙarfin da ke tura ta ana auna shi da bolt, yawan da ke gudana cikin waya kuwa da amfiya. Wutar gidaje a Nijeriya an tsara ta a kan bolt 230, kuma ba miƙe take tafiya ba kamar ta batir, kai da komowa take yi sau 50 a kowane sakan.

Kome girman kewaye ko ƙanƙantarsa, halaye uku ne ke tafiyar da shi, kuma kowane mai gyaran rediyo yana da su cikin akwatinsa. Na farko shi ne rizisto, wanda aikinsa tauye gudun wuta, kamar yadda ƙuncin bututu kan tauye ruwan famfo. Abin da ya tauye kuwa zafi yake zama, kamar yadda ake gani a dutsen guga na lantarki. Na biyu shi ne kafasita, wadda tsofaffin makanikai ke kira kwandansa. Faranti biyu ne na ƙarfe da aka raba da wani abu wanda wuta ba ta ratsawa, kuma misalinta randa ce: tana ajiyar wuta, ba ta cika nan take, ba ta kuma ƙarewa nan take. Na uku shi ne kwayil, watau waya da aka naɗe zagaye bisa zagaye, wadda ke ajiye ƙarfi a matsayin maganaɗisu. Misalinsa amalanke ce da aka yi wa lodi: tayar da ita wuya, tsayar da ita idan ta ɗauki gudu ya fi wuya.

Daga nan ne ƙa'idodi biyu suka fito waɗanda duk babin ya tsaya a kansu. Bolt ɗin da ke jikin kafasita ba ya tsalle daga wani mataki zuwa wani, kazalika amfiyar da ke bin kwayil ba ta tsalle. Makunni kuwa tsalle yake umurta, domin da an danna shi yana cewa a tashi daga babu zuwa akwai. Halin wucin gadi shi ne ja-in-jar da ake yi tsakanin umurnin makunni da taurin kan waɗannan abubuwa biyu, har a kai ga zaunannen hali.

Alal misali, a ɗauki batirin mota mai bolt 12, a haɗa shi da kafasita mai maikurofarad 1,000 ta cikin rizisto mai om 1,000. Idan aka ninka waɗannan adadai biyu a ma'auninsu na asali, amsar sakan 1 ce, kuma wannan shi ne ma'aunin jinkirin kewayen. Bayan sakan 1 kafasitar za ta kai bolt 7.6, watau kashi 63 cikin ɗari. Bayan sakan 2 ta kai 10.4, bayan sakan 3 ta kai 11.4, bayan sakan 5 ta kai 11.9. Da fari tana cika da sauri, amma tana kusantar baki tana rage hanzari. Saboda haka injiniyoyi suka ɗauki ninki biyar na ma'aunin jinkiri a matsayin ƙarshen halin wucin gadi. Haka kuma take yi wajen zubarwa, shi ya sa 'yar fitilar da ke jikin cajar waya takan ci gaba da haske na ɗan lokaci bayan an zare ta daga bango.

Darasin Da Aka Saya Da Tsada

Turawa ba su koyi wannan a banza ba. A watan Agusta na 1858 aka gama shimfiɗa wayar tangaraho ta farko a ƙarƙashin Tekun Atalantika, daga Ailan zuwa tsibirin Newfoundland. Wayar tagulla ce a tsakiya, ruwan teku a kewaye, ƙaro a tsakaninsu, watau ba da nufi ba an gina wata doguwar kafasita mai tsawon fiye da kilomita 3,000. Duk alamar da aka aika sai ta cika wannan randa tukuna kafin a ji ta a ɗaya gaɓar, kuma sai ta zube kafin a aika ta biyu. Wani malamin Jami'ar Gilasgo mai suna William Thomson, wanda daga baya aka naɗa shi Lord Kelvin, ya riga ya yi gargaɗi cewa idan tsawon waya ya ninka biyu, jinkirinta ninki huɗu yake yi. Saƙon gaisuwa mai kalmomi 98 da Sarauniya Biktoriya ta aika wa Shugaban Amurka James Buchanan ya ɗauki wajen awa 16 kafin ya gama isa.

Babban ma'aikacin lantarki na kamfanin, Wildman Whitehouse, bai yarda da lissafin Thomson ba. A ganinsa ƙara ƙarfi shi ne magani, don haka ya tura wa wayar wajen bolt 2,000. Da ma wayar tana da rauni a jikinta, ba ta kuwa wuce mako uku tana aiki ba ta mutu, dukiya mai yawa ta kwanta a ƙasan teku. Sai a 1866 aka sami waya mai ɗorewa, bayan an ƙara kaurin tagulla da na ƙaron, aka kuma koma amfani da wuta 'yar kaɗan da na'urori masu saurin ji.

Kwayil kuwa nasa taurin kan ya fi bayyana sa'ad da aka yanke masa wuta. Da yake amfiyarsa ba ta tsayawa farat ɗaya, sai ya haifar da bolt mai yawan gaske don ya tilasta mata ci gaba, ko da ta cikin iska ne. Wannan shi ne tartsatsin da akan gani a cikin makunni idan aka kashe fanka ko injin niƙa. Masu ƙera mota sun mai da shi abin amfani: kwayil ɗin mota yakan karɓi bolt 12 na batir, a katse shi da gangan, sai ya harba fiye da bolt 20,000 zuwa fulogi don kunna fetur. Doguwar fitilar nan ta da, mai ƙifce-ƙifce kafin ta kama, ita ma da irin wannan harbi take tashi.

Akwai kuma abubuwan da ke haɗiyar wuta fiye da ƙima a farkon tashi. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, idan zarensa ya yi zafi yana tauye wuta da wajen om 880, amma yana sanyi bai fi wajen om 60 ba, don haka a ɗan taƙin farko yakan ja fiye da ninki goma na abin da ya saba ja. Shi ya sa galibi lokacin kunnawa yake mutuwa. Injin firiji ko na famfon tura ruwa yakan ja ninki biyar zuwa bakwai kafin ya ɗauki gudu, abin da ke sa fitilun gida su ɗan dushe duk sa'ad da firiji ya tashi.

Sa'ad Da Wuta Ke Yin Lilo

Abin ya fi ban mamaki idan kafasita da kwayil suka haɗu a kewaye guda. Kafasita ta juye ajiyarta cikin kwayil. Sa'ad da ta ƙare, kwayil ya riga ya ɗauki gudu ba zai tsaya ba, sai ya sake cika ta ta baya. Ita kuma ta sake juyowa. Haka ƙarfin zai yi ta kai da komowa kamar yaro a kan lilo. Joseph Henry na Amurka ya lura da alamar hakan a 1842, amma Thomson ɗin nan ne, a 1853, ya fito da lissafinsa cikin wata maƙala a kan wutar wucin gadi. Bayan 'yan shekaru wani Bajamushe, Berend Feddersen, ya ɗauki hoton tartsatsi da madubi mai juyawa, aka ga lalle abin da ido ke ɗauka walƙiya ɗaya ce, jerin walƙiya ne masu raguwa.

Rizisto shi ne ke ƙayyade ƙarshen wasan. Idan ya yi kaɗan, lilon zai daɗe yana yi yana raguwa sannu sannu. Idan ya yi yawa, babu lilo sam, sai rarrafe zuwa zaunannen hali. A tsakaninsu akwai wani mataki inda kewaye ke zama cikin mafi ƙarancin lokaci ba tare da ya zarce ba, kuma shi injiniyoyi ke nema a na'urorin awo. Haɗarin yana wajen zarcewar nan. Yadda lilo kan wuce tsakiya ya haura ɗaya gefen, haka bolt kan zarce matakin da aka nufa, kuma a lissafi yana iya kusantar ninki biyu. Bolt 230 da ake faɗa matsakaici ne, ƙololuwar kowace kaɗawa wajen 325 ce; mai karatu na iya ninkawa ya ga abin da ƙananan kayan cikin talabijin za su fuskanta. Wayoyin da ke kan turaku da taransifomar unguwa duk suna da halin kwayil da na kafasita a jikinsu, saboda haka duk lokacin da aka rufe babban makunni a tasha, layin yakan yi ɗan wannan lilo.

To, wanda ya taɓa zama kusa da mai garaya ya riga ya ji wannan da kunnensa. Makaɗi ya ja tsirkiya ya saki, ta koma tsakiya, nauyinta ya sa ta zarce, ɗaurinta ya komo da ita, ta yi ta kaɗawa har iska da ƙoƙon garayar su shanye ƙarfinta. Nauyin tsirkiya shi ne kwayil, saƙo-saƙonta shi ne kafasita, iska kuwa rizisto. Kowane amo na garaya, ko molo, ko gurmi, ko kuntigin da marigayi Ɗanmaraya Jos ya shahara da shi, halin wucin gadi ne daga farkonsa har ƙarshensa. Goge ne ya bambanta, domin izgar da ake goga masa tana ƙara masa ƙarfi ba fasawa, sai amonsa ya zauna kamar wutar da janareta ke ciyarwa.

Tazarar Da Ke Tsakanin Sautuka

Kaurin sauti ko zaƙinsa ya danganta ne ga yawan kaɗawa a sakan guda. Kaɗawa kaɗan, murya mai kauri. Kaɗawa da yawa, siririyar murya. Nisan da ke tsakanin sautuka biyu shi ake kira tazara, kuma kunne ba da ɗebewa yake auna ta ba, da rabawa yake auna ta. Daga 100 zuwa 200, da daga 400 zuwa 800, duk tazara ɗaya ce a kunne, domin kowanne ninki biyu ne.

Ana danganta gano wannan ga Pythagoras na ƙasar Girka, wanda ya rayu wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, malaman Musulunci kuma suka faɗaɗa shi, musamman Al-Farabi wanda ya rasu wajen 950, a babban littafinsa na ilmin kiɗa. Idan aka danne tsirkiya a tsakiyarta, rabin da ya saura yana kaɗawa ninki biyu, sai a ji sautin farko ya komo da siririyar murya, kamar yadda mace da namiji kan rera waƙa ɗaya tare. Wannan ita ce tazarar takwas, 2 bisa 1. Idan aka bar kashi biyu cikin uku na tsirkiyar, an sami tazarar biyar, 3 bisa 2. Kashi uku cikin huɗu kuwa tazarar huɗu ce, 4 bisa 3.

Sunayen sun samo asali ne daga ƙirgen matakan nan da ake koya wa yara a makaranta, do, re, mi, fa, so, la, ti, do, waɗanda tushensu ya koma ga wani malamin coci ɗan Italiya, Guido na Arezzo, a ƙarni na 11. Wani taro da aka yi a Landan a 1939 ya tsai da kaɗawa 440 a matsayin ma'aunin da ake daidaita kayan kiɗa da shi. Idan aka ba la wannan adadi, sauran matakan za su zama kamar haka: do 264, re 297, mi 330, fa 352, so 396, la 440, ti 495, do ta sama 528. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya gwada. Daga do zuwa so, 396 bisa 264, daidai 3 bisa 2. Daga do zuwa fa, 4 bisa 3. Daga do zuwa mi, 5 bisa 4, ita ce babbar tazarar uku. Daga mi zuwa so, 6 bisa 5, ƙaramar tazarar uku. Daga do zuwa re, 9 bisa 8.

Dalilin da ya sa ƙananan adadai suka fi daɗin ji, Hermann Helmholtz na Jamus ya bayyana shi a littafinsa na 1863. Tsirkiya ba sauti ɗaya take fitarwa ba. Mai kaɗawa 264 tana ɗauke da 528, da 792, da sauran ninkinta a ɓoye. Mai 396 kuma ninkinta na biyu shi ne 792 ɗin nan. Ashe do da so suna da dangi guda, shi ya sa suke jituwa. Amma idan sautuka biyu suka kusanci juna ba su daidaita ba, kamar 264 da 266, sai a ji amon yana kumbura yana sacewa sau biyu a sakan, watau bambancin da ke tsakaninsu. Da wannan rawar murya makaɗi ke sanin tsirkiyarsa ba ta zauna ba tukuna.

Sai dai lissafin yana da 'yar baraka. Idan aka hau tazarar biyar sau 12 a jere, ya kamata a sauka inda tazarar takwas sau 7 ta kai, amma ta farko tana ba da 129.75, ta biyu 128. Don toshe wannan baraka ne aka raba tazarar takwas gida 12 daidai wa daida, kowane mataki ninki 1.0595 na wanda ya gabace shi. Wani basarake masani na ƙasar Sin, Zhu Zaiyu, ya fito da lissafin a 1584. A kan wannan tsari ake gina fiyano na zamani, inda do take 261.6, tazarar biyar kuma 1.498 maimakon 1.5. Mai goge da mai kalangu ba su da wannan takura, domin yatsa da hammata suna iya tsayawa ko'ina.

Inda Hanyoyin Biyu Suka Haɗu

An daɗe ana ba da labari cewa idan aka rataya wa tsirkiya nauyi ninki biyu, za ta hau tazarar takwas. Vincenzo Galilei, makaɗin Italiya kuma mahaifin shahararren masanin taurarin nan Galileo, ya gwada a ƙarshen ƙarni na 16 ya tarar ba haka ba ne: sai an ninka nauyin sau huɗu. Don samun tazarar biyar kuwa sai 9 bisa 4. Mai kalangu da ke matse igiyoyin gangarsa a hammata don ta kwaikwayi hawa da saukar maganar Hausa, da wannan doka yake aiki, ko da bai taɓa jin sunanta ba.

Lissafin Thomson na 1853 kuwa abin da ya faɗa ke nan game da lilon lantarki: don a ninka saurinsa sau biyu, sai a rage kafasita zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Kwayil mai henri 1 da kafasita mai maikurofarad 0.363 za su yi lilo sau 264 a sakan, watau do. A mai da kafasitar 0.162, kashi huɗu cikin tara ke nan, sai a sami so. A mai da ita 0.091, sai do ta sama.

Wanda ya fara jiyar da jama'a wannan shi ne William Duddell, wani matashin injiniya a Landan. A zamaninsa titunan birnin da fitilun gawayi ake haska su, waɗanda wuta ke tsallake tsakanin sanduna biyu, suna kuwa da wani tsaki mai damun mutane. Yana cikin binciken tsakin, sai ya haɗa wa fitilar kwayil da kafasita, ya ji ta kama rera sauti guda tsantsa, domin fitilar tana mayar wa lilon ƙarfin da rizisto ke cinyewa, kamar mai tura yaro a kan lilo. Ya jera makunnai masu sauya kafasita, a watan Disamba na 1900 ya kaɗa taken ƙasar Ingila da fitila a gaban ƙungiyar injiniyoyin lantarki. A 1903 Valdemar Poulsen na Denmak ya ɗaga saurin wannan lilo har ya wuce jin kunne, ya zama na'urar watsa saƙon rediyo. Mai murɗa tsohuwar rediyo yana neman Kaduna, faranten kafasita yake juyawa har lilon akwatinsa ya dace da na tashar.

Wutar gida ma tana da nata amo. Wanda ya tsaya kusa da taransifomar unguwa da dare zai ji gunji mai kaɗawa 100 a sakan, domin ƙarfen cikinta yana motsi sau biyu a kowane kai da komowa. Tazarar takwas ke nan a bisa 50. A Amurka wutarsu sau 60 take kaɗawa, kuma 60 bisa 50 shi ne 6 bisa 5, don haka gunjin taransifomarsu ya ɗara na nan da ƙaramar tazarar uku. Haka kuma kafin a haɗa wani injin da sauran layin ƙasa, a Kainji ne, ko Jebba, ko Shiroro, dole saurinsa da takunsa su dace da na layin. Tsohuwar dabarar ita ce a sa fitilu tsakanin ɓangarorin biyu: suna haske suna dushewa gwargwadon bambancin saurin, daidai da rawar muryar tsirkiyoyi biyu, sai sun lafa a rufe makunni. Idan aka rufe ba a kan daidai ba, girgizar da za ta biyo baya tana iya lalata injin.

Har ila yau, farkon amo shi ne shaidar kowane abin kiɗa. Pierre Schaeffer, injiniya a gidan rediyon Faransa, ya gano a 1948 cewa idan aka yanke farkon bugun ƙararrawa daga faifai, abin da ya saura sai ya yi kama da busa. Da Robert Moog na Amurka ya fara ƙera na'urarsa ta haɗa sauti a 1964, ya tsara ta yadda ƙarin bolt 1 zai ɗaga sauti da tazarar takwas, tashin amo da faɗuwarsa kuwa cikar kafasita da zubewarta ne ke tsara su. Ashe abin da ke ƙona talabijin, shi ne zuriyar wannan na'ura ke sarrafawa a ɗakunan haɗa waƙoƙin finafinan Kano.

Abin Da Ya Kamata Maigida Ya Sani

Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani. Da an ɗauke wuta, ya kamata a kashe makunnan firiji, da talabijin, da na'urar sanyaya ɗaki, a bar fitila ɗaya don shaida. Dalili kuwa, idan wuta ta komo ta tarar da injinan unguwa duka a buɗe, kowanne zai ja ninkin abin da ya saba a lokaci guda, bolt ya faɗi, injinan su kasa tashi su yi ta ɗumama, taransifoma ta sha wuya. A dakata minti biyar, wuta ta zauna, iskar cikin firiji ma ta daidaita, sa'an nan a kunna ɗaya bayan ɗaya. Haka ma wajen sauyawa daga janareta.

Ya kamata kuma a bambanta cuta biyu. Sitabilaiza tana maganin wutar da ta yi ƙasa ko sama na tsawon lokaci ne, amma ba ta da saurin tare harbin da ke wucewa cikin kashi ɗaya bisa dubu na sakan. Wannan aikin wata na'ura ce dabam mai karkatar da harbi zuwa ƙasa, ita ma ba ta da amfani idan gidan ba shi da wayar ƙasa mai kyau. Idan kuwa aka ga fitilun wani ɗaki sun yi haske fiye da kima, na wani sun dushe, abin ya ƙi wucewa, to wannan ba halin wucin gadi ba ne. Mai yiwuwa wayar nitiral ce ta tsinke, bolt na iya kusantar 400, sai a kashe babban makunnin gida nan da nan a kira ma'aikata. Lokacin hadari da tsawa kuma babu kariyar da ta kai zare waya daga bango.

Daga ƙarshe, randa ba ta bushewa don an rufe famfo. Kafasitar da ke cikin tsohuwar talabijin mai ƙeya, ko na'urar ɗumama abinci, ko injin inbata na wutar rana, tana iya riƙe wutar da za ta kashe mutum bayan an zare waya. Ɗalibin da sha'awa ta kai shi ga kwance irin waɗannan kaya, ya bari sai a gaban malami ko ƙwararren mai gyara. Idan gwaji yake so, batir, da rizisto, da kafasita, da agogo sun ishe shi ganin kashi 63 da idonsa, tsirkiya da ma'aunin tela kuma sun ishe shi jin 3 bisa 2 da kunnensa.